Farin Wardi a Katangar Zlatka

Ƙamshin ne ya tsayar da ita tun kafin idonta ya gani.

Dafina ta taso daga tsinkar wardi ke nan, rana ta fara zafi, yatsunta sun yi baƙi da danƙon fure, ƙaya ta zane ta har gwiwar hannu. Wanda ya shiga gonar jan wardi tun asuba, hancinsa mutuwa yake yi, ba ya ƙara jin komai sai gobe. Amma wannan ta ji shi. Ƙamshi ne mai sanyi, kamar an matsa lemon tsami a cikin zuma, kuma gida ɗaya ne tak yake da shi a duk kwarin Kazanlak. Gidan su Yavor, saurayinta.

To amma nan ba ƙofar su Yavor ba ce.

Ta juyo a hankali. Ga shi nan a jikin katangar su Zlatka, an ɗaure shi da sabon zare, ya fara hawa, furanni huɗu sun buɗe farare tas.

"Ya yi kyau ko?"

Zlatka ce, 'yar mai kantin ƙauyen, ta jingina da ƙofa tana cin 'ya'yan ceri tana tofar da ƙwallon. Hannunta sumul, bai san ƙaya ba.

"A ina kika samo?" Dafina ta tambaya.

"Haba Dafi, kamar baƙuwa! A ina ake samo wardi? Sata na yi mana."

"Ƙarya kike yi. Murjo, karen su Yavor, ko ɗan sanda ba ya bari ya taka tsakar gidansu."

Zlatka ta yi dariya har da dafa ƙirji.

"Kare ai ya san na gida. Tun bara waccan na yanko shi, yana bayan ɗakinmu a ƙarƙashin kwalba. Na ce bari sai ya yi fure in fito da shi, kowa ya sha ƙamshi... har da ke."

Tun bara waccan!

A lokacin ne Yavor ya fara tare ta a hanyar rijiya. A lokacin ne ya ce mata idan bai gan ta ba abinci ba ya shiga.

"Ke ba ki samu naki ba har yanzu?" Zlatka ta ƙara, ta langwaɓar da kai. "Abin mamaki. Ni da na zaci a gidanku ba sai an koya wa mutum ba."

Dafina ta juya ta wuce. Ta san idan ta buɗe baki kuka ne zai fito, kuma gara ta mutu da Zlatka ta ga hawayenta.

Kowa a ƙauyen ya san wardi ba a kyautarsa. Idan mai shi ya yanka da hannunsa ya ba ka, ba zai kama ba, kuma abin da ke tsakaninku ma zai bi shi ya bushe. Sai dai ka sata. Mai gida ya kau da kai, ka yanki reshe ka cusa a riga, ka fita ba godiya, don godiya ma kashe shi take yi. Haka iyaye suka yi, haka kakanni. Farin da ke gidan su Yavor kuwa marigayi ubansa ne ya raine shi tun daga ƙwaya, ya haye katanga ya haye rumfa har ya kama rufin soro. Shekarar da ƙanƙara ta kashe rabin gonakin kwarin, shi ko gezau. 'Yan mata sun daɗe suna cewa duk wadda farin nan ya bayyana a katangarsu, to ita ce matar gidan.

Dafina ba ta taɓa miƙa masa hannu ba, kuma tana da dalili.

Tana ƙarama aka kama ubanta, Kolyo, a bakin sikeli. Ya cusa farin wardin shinge, wanda mansa ba ya da daraja, a tsakiyar buhunan ja don su yi nauyi. Aka zazzage buhunan a gaban mutane. Tun daga ranar sunanta ya zama 'yar ɓarawo, kuma babu bakin da ya fi riƙe sunan kamar na Goggo Stoyna, uwar Yavor. Shi ya sa Dafina ta rantse ko allura ta gani a ƙasa ba za ta ɗauka ba.

Maimakon gida, sai ta nufi bakin gona inda Yavor yake loda buhuna a a-kori-kura zai kai matata. Murjo na kwance a bayan motar, ƙato kamar maraƙi. Yana ganinta ya fara kaɗa bindi.

"Ga hasken idona!" Yavor ya ce, yana share gumi. "Me ya sami fuskar nan?"

"Sau nawa ta shiga?"

"Wa?"

"Kada ka maishe ni sakarya, Yavor! Sau nawa Zlatka ta shiga lambunku? Kai ka riƙe mata karen ko kai ka riƙe mata almakashin?"

Ya sauke buhun da ke hannunsa.

"Dafi, ban gane ba..."

"Je ka ƙofarsu ka gane! Farin ubanka yana can yana fure, duk wanda ya wuce sai ya juyo ya kalle ni."

Fuskarsa ta canza. Ya rantse da kabarin ubansa bai sani ba, bai taɓa ganin Zlatka a tsakar gidansu ba, ko ruwa bai taɓa ba ta ba. Dafina tana kallon bakinsa. Bakin nan da ya iya magana mai daɗi. Sai ta ga kamar tana ganinsu, shi ya juya baya yana murmushi, Zlatka kuma tana zaɓen reshe a tsanake, gashinta na taɓa kafaɗarsa. 

"To ni fa?" ta ce. "Ni da ka ce za ka aura, ina nawa?"

"Ke kika ƙi! Duk Lahadi Inna na coci nake barin ƙofar baya a buɗe. Almakashi na ajiye miki a kan dutse har ya yi tsatsa. Me kuma zan yi, rabin raina?"

"In shiga gidan uwarka in yi sata? Ni? Don ta hau kan rufi ta yi shela cewa jini ba ya ƙarya?"

"Ai ba sata ba ce ta gaske..."

"A wurin Zlatka ba ta gaske ba ce. A wurina ta gaske ce! Idan kana sona, yanko da hannunka ka ba ni."

Ya ja da baya kamar ta nuna masa wuƙa.

"Ba zan iya ba."

"Ka ji ko!"

"Zai mutu, Dafi. Babana ya taɓa yanka wa amininsa ɗaya. Reshen ya bushe, kafin shekara suka yi faɗa kan iyakar gona, har ya mutu ba su gaisa ba. Ki ce in shiga wuta, zan shiga. Amma ba zan sa hannuna in kashe abin da ke tsakaninmu ba."

"To ka huta. Ya mutu ba tare da hannunka ba."

Ta juya. Yana kira, "Dafi! Dafina! Zuciyata, tsaya mana!" ba ta waiwayo ba. Buhuna kuma ba sa jira, idan rana ta dafa furen man ya gudu. Dole ya hau mota.

A gida ta tarar da ubanta a gindin inabi yana yanka tumatir da cuku. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Kin gani ke nan."

"Kai ma ka sani, Baba?"

"Duk ƙauyen sun sani tun safe. Stoyna ta tsaya a kanti tana cewa Allah ya nuna mata suruka, wai fure ba ya zaɓen banza." Ya tura mata farantin. "Ci."

"Ba na ci."

"To zauna ki ji. Ni na cusa fari a cikin ja, ni aka zazzage wa buhu. Kunyar tawa ce, kuma na iya ɗaukarta, ba na neman ɗan dako. Ke kuma kin ɗora ta a ka kina yawo da ita kamar gado. Yaron nan yana sonki. Wawa ne, yana tsoron reshe kamar tsohuwa, amma yana sonki."

"Yana son mu biyu dai."

"Wannan kuma ban sani ba," in ji Kolyo. Mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gani ba, ko don ya lallashi 'yarsa.

Kwanakin da suka biyo baya, Dafina ta rame. A gona tana tsinka tana jin 'yan mata na ƙus-ƙus a layin baya. Ta daina bin hanyar su Zlatka, tana zagayawa ta bayan makaranta, amma iska ba ta san zagaye ba, sai ta kawo mata ƙamshin har inda take. Yavor ya zo ƙofarsu sau da yawa, ta ce a ce ba ta nan. Ya aiko da banitsa, wainar cuku, mai zafi daga gari, ta ba kaji.

Ranar Lahadi aka yi rawa a dandali. Ba ta yi niyyar zuwa ba, ƙafarta ce ta kai ta. Tana isa ta hango Zlatka a cikin da'irar masu rawa, ta soka farin fure a bayan kunne, kuma hannun da ta riƙe na Yavor ne. Gaskiya Goggo Stoyna ce ta ja shi ta cusa a wurin, kowa ya gani. Dafina ba ta ga wannan ba. Hannu biyu kawai ta gani a haɗe, da furen yana rawa a gashin wata.

Ta koma gida da gudu. A bakin ƙofa akwai gangar da suke jiƙa cuku, cike da ruwan gishiri. Ta cika bokiti. Bokiti ɗaya a gindin reshen nan, kafin sati ya zama itacen wuta.

Ta ɗauka har bakin titi.

Sai ta tsaya.

Furen me ya yi mata? Na uban Yavor ne, mutumin da yake ba ta gyaɗa daga aljihu lokacin da sauran manya ke kawar da kai. Ta ajiye bokitin, ta zauna a kansa ta yi kukan da ta riƙe tun ranar farko. Da ta gama ta share fuska, ta cire 'yan kunnen azurfa da Yavor ya saya mata, ta ƙulle a hankici. Gobe za ta mayar masa da kayansa, ta ƙofar gaba, da rana tsaka, kowa na gani.

Washegari bayan an tashi daga gona ta nufi gidan. Tun daga kwana take jin haushin Murjo, irin haushin da yake yi wa mai karanta mitar wuta. Da ta matso sai ta ga wa ake yi wa.

Zlatka ce, riƙe da tiren waina a rufe, ta manne da katangar maƙwabta. Murjo ya miƙe a jikin ƙyauren ƙarfe, kumfa a baki, kamar zai ɓalle shi.

"Goggo! Goggo Stoyna! Ki zo ki kama dabbar nan don Allah!"

Dafina ta tsaya tana kallo. 

Ta ƙarasa ta sa hannu ta cikin ƙarfen. Murjo ya yi shiru, ya shinshina, ya hau lasar yatsunta.

"Zlatka," ta ce a hankali, "shiga mana. Ai ya san na gida."

"Ba ruwanki!"

"Bari in buɗe miki."

"Kada ki buɗe! Dafina, kada ki... wayyo Allah, ki bar sakatar nan!"

Ihun ne ya fito da Goggo Stoyna da gari a hannu, Yavor na bayanta da cokali. Maƙwabta ma an leƙo, tsofaffi uku da ke kan benci suka gyara zama.

Yavor ya dubi karen, ya dubi Zlatka. Ba shi da saurin magana, amma ba shi da toshewar kai.

"Zlatka, ta ina kika shiga kika yanki reshen?"

"Ta... ta baya."

"Nan ne ɗakin Murjo."

"Yana barci."

"To yau ma bari mu gwada," in ji Dafina, ta ɗaga sakatar rabi.

"Goggo ce!" Zlatka ta ƙwalla, tiren ya faɗi, waina ta watse. "Goggo ce ta yanko ta miƙo min ta kan katanga! Ni ban taɓa shiga ba, na rantse! Ki faɗa musu, Goggo!"

 Ɗaya daga cikin tsofaffin ta yi alamar gicciye.

"Inna?" Yavor ya ce. "Da hannunki?"

"Ai na kau da fuskata lokacin da nake miƙawa," Goggo Stoyna ta ce, tana goge hannu a zani da ƙarfi. "Kusan sata ce."

"Kika ba ta... kuma ya kama?"

"To me? Na yi don in cece ka! Ka rasa wadda za ka kawo min sai 'yar ɓarawo?"

Dafina ta saki sakatar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Goggo, ubana ya yi nasa, an kama shi, ya sunkuyar da kai. Ni ban taɓa ɗaukar ko ƙwayar ceri ta wani ba. A nan wurin, ke kika shirya ƙarya, waccan ta yaɗa ta. Ku biyu kuka sa na kusa zuba wa furen mijinki ruwan gishiri." Ta ciro hankicin ta miƙa wa Yavor. "Ga 'yan kunnenka. Na zo mayarwa ne."

Bai karɓa ba. Ya juya ya shige lambu.

Suna jin ƙarar tsohon almakashi, ƙaras! Sai ga shi ya dawo da reshe mai kauri, tsawon hannu, da fure ɗaya a kai. Ƙaya ta huda masa babban yatsa, jini na ɗiga. Tsoron bai bar shi ba, kowa ya ga haka.

"Yavor, kada ka kuskura!" uwarsa ta ce. "Idan ya bushe, ba aure! Na faɗa a gaban mutane!"

"Ya bushe ko ya kama, Inna, ita zan aura." Ya miƙa. "Ungo, masoyiyata. Ni na ba ki. Da hannuna."

Dafina ta dubi reshen, ta dubi tsofaffin da ke kan benci, ta dubi Zlatka da ke tsintar waina a ƙasa. Ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode," ta ce, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Wayyo, ta yi godiya!" wata tsohuwar kan benci ta dafe kai. "Ta kashe shi! Ta gama da shi!"

Yavor kansa sai da ya runtse ido.

A gindin katangar ubanta ta dasa shi, wajen da rana ba ta duka, ta kifa masa kwalbar zuma. Yavor da ya ce bai damu ba, kullum kafin ya tafi aiki sai ya biyo ya durƙusa yana leƙen kwalbar.

"Ka zo gaida surukinka?" Kolyo yakan ce masa, yana nuna kwalbar. "Yana nan, bai ce komai ba tukuna."

Ganyen ya zube. Reshen ya yi baƙi daga sama. Sanyi ya shigo da wuri a shekarar, dusar ƙanƙara ta binne kwalbar har ba a ganin inda take. Goggo Stoyna tana cewa a kanti ita dai ba ta ce komai ba, jira take. Su biyun kuwa ba su fasa ba, sun je wurin limamin coci an sa rana, ko da albarkar uwa ko babu. Amma Dafina takan farka da faɗuwar gaba, don ita ma a ƙauyen aka haife ta.

Da ƙanƙara ta narke, ta fita da safe ta ɗaga kwalbar. Daga ƙasan baƙin reshen, wasu 'yan jajayen tsiro biyu sun leƙo.

Ba ta yi ihu ba. Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Goggo Stoyna, ta ce ta zo ta gani da idonta. Tsohuwar ta zo, ta sunkuya da ƙyar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tura ƙasa da yatsa ta rufe gindin.

"Kin dasa shi sama da yawa," ta ce. "Haka za ki riƙe min gida?"

Iyakar albarkar ke nan, kuma ta isa.

An sa bikin bayan an gama tsinka. Ana saura kwana kaɗan, Dafina ta bi ta ƙofar su Zlatka, karo na farko cikin shekara. Farin ya haye katangar ya fara kama taga, fure ba iyaka. Nata kuwa ko gwiwa bai kai ba. Ta tsaya tana kallo, tsohon kishin nan ya sake taso mata. Miji nata ne, gida nata ne, amma duk baƙon da ya shigo ƙauyen sai ya tsaya a nan ya tambaya ta wace ce wannan katanga.

Ta sami Yavor a lambu.

"Rabin raina, ka wasa almakashin nan."

"Me za a yanka?"

"Mata nawa aka gayyata?"

"Duk ƙauyen mana."

"To duk ƙauyen."

Ranar biki, bayan an ci an sha an yi rawa har takalma sun cika da ƙasa, ango ya tsaya a bakin ƙofa da kwando, amarya a gefensa da tulin kwalabe. Duk macen da za ta fita sai a ba ta reshe a hannu. Tsofaffin suka ƙi karɓa, sai da aka ajiye kwandon aka juya musu baya suka ɗiba, wasu har bibbiyu. Goggo Stoyna ta zauna tana kallon rumfar mijinta da aka yi wa aski, tana ta jan tsaki.

Zlatka ce ta zo ƙarshe, don uwarta ta tilasta mata zuwa. Ta dubi kwandon, ta dubi matan da ke tafiya layi-layi kowace da reshenta, sai a lokacin ta gane. Nan da shekara uku, ba katangar da za ta rage a ƙauyen ba farin nan a jikinta.

"Ke muguwa ce, Dafina," ta ce ƙasa-ƙasa.

Dafina ta gyara lulluɓinta, ta zaɓo reshe mafi kauri ta miƙa mata.

"Ungo na biyu. Wannan karon daga matar gidan."